Tafintan da Ba Ya Gyara Magana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Babba, wan mahaifina, ya koma ga Mahaliccinsa da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida, tabarau a hanci, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Jikarsa ce ta zo ɗaukar kofi ta ga kansa ya sunkuya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ina shagona na atamfa a unguwar Krofrom, nan Kumasi, aka bugo mini waya, na fito a guje na bar ƙofa a buɗe, sai maƙwabciyata ce ta rufe mini.

Ranar addu'ar uku layinmu bai ɗauki mutane ba. An kafa rumfuna har bakin kwata, kujerun roba suka ƙare. 'Yan albasa na Nijar suka zo da rawunansu suka cika gefe guda. Kafintocin unguwar Anloga, waɗanda yawancinsu ba ma Musulmi ba ne, suka ɗauko bencina a kai, suka ce aro ne, da yamma kuma suka ce a bar su a gidan. Matan ƙabilar Asante daga unguwar Dichemso suka shigo a jere cikin baƙaƙen zannuwa, suna miƙa hannu daga dama zuwa hagu kamar yadda suka gada, kowace tana cewa "due, due," wato sannu da rashi. Wani tsohon direba ya samu wuri ya zauna yana kuka ba kunya, yana cewa, "Wa zai ƙara gaya mini abin da likita ya ce na gaskiya?" Limamin unguwarmu, wanda suka tsufa suna gardama da marigayi, ya ɗaga hannu zai yi addu'a muryarsa ta tsaya, sai na'ibinsa ya ƙarasa.

Duk wannan ya yi mini daɗi, in har ana jin daɗi a ranar kuka. Abin da ya ɓata mini rai a cikin gida na ji shi. Ina tsugune ina zuba wa baƙi wake da shinkafa, wasu tsofaffi biyu suna bayana a kan tabarma. Ɗaya ta ce, "Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Sai dai abin nan da ya yi wa uwarsa." Ɗayar ta ce, "Ai har yau ana faɗa. Ya kunyata ta a gaban baƙi, tsohuwa ta mutu da abin a ranta."

Wallahi saura kaɗan in juya da ludayin a hannuna. Duk Zongo, unguwarmu ta Hausawa, an san ni ba na haɗiye magana, amma ranar na haɗiye saboda darajar mai ranar. Yau kam ba zan haɗiye ba. Waɗannan tsofaffin ba su kasance a wurin ba, ni kuwa ina wurin, don ni ce ma abin da aka taru a kai. A ranar da suke magana a kanta, an riga an ƙulle kayana za a sa ni a mota a kai ni Nijar, a raba ni da uwata. Abin da Baba Babba ya yi wa uwarsa a ranar shi ya sa na tashi a gaban tawa uwar. Zan faɗa yadda aka yi, amma sai an fara sanin mutumin.

Dogo ne, siriri, mai tafiya a hankali. Ba ya fita ba tare da alƙalami a aljihun gaba ba, ko da kuwa sayen ƙosai zai je. Idan zai yi tunani sai ya cire tabarau ya goge shi da bakin hularsa, ya mayar da hular, sannan ya mayar da tabarau. A Nijar aka haife shi, can ya yi allo, can ya yi boko na Faransanci, har ya karanci shari'a ya zama tafinta a kotu a Yamai. Da Kaka, wato mahaifiyarsu, ta biyo ƙaramin ɗanta Kumasi saboda cinikin albasa, sai shi ma ya ajiye aiki ya biyo ta. Ya iso ƙasar da Faransancinsa ba zai saya masa ko barkono ba. Bai tsaya kuka ba. Ya je kasuwa ya zauna wurin mata masu sayar da ayaba, ya ce su koya masa Twi, yaren Asantawa. Suka yi ta yi masa dariya, shi ma yana taya su, har ya zo ya fi yaran da aka haifa a nan iya gaisuwar fada.

Tun daga nan ya zama tafintan unguwa. Ba albashi, ba ofis. Baƙo ya sauko daga Nijar ba ya jin Twi, ba ya jin Turanci, za shi asibiti, ko caji ofis, ko gaban mai gidan haya, sai a ce, "Ku kai shi wurin Malam mai tabarau." Amma duk wanda ya kai ka sai ya ja maka kunne a hanya: ka kula da bakinka, mutumin nan ba ya gyara magana.

A nan ne ya bambanta da kowa. Mu a Zongo, in aka ce ka tsaya wa mutane tafinta, ai kowa ya san sulhu aka ce ka yi. Wannan ya yi zagi, kai ka ce ya yi gaisuwa. Asantawa ma haka suke: sarkinsu yana da mai magana da yawunsa, wanda suke kira ocame, aikinsa ya ɗauki magana mai ƙaya ya sassaƙe ta kafin ta isa kunne. Baba Babba bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Ga yadda yake yi: in ka gama magana, sai ya maimaita maka ita a harshenka, kalma bayan kalma, da babbar murya, sannan ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "In kai?" In ka ce kai, to zai kai ta yadda take, ko da wuta ce.

Na tuna wani mai kiwon tumaki, sabon zuwa, da ragonsa ya shiga bayan gidan wani kafinta ya cinye masa shukar gauta. Kafinta ya ɗaure ragon. Mai rago ya zo yana huci, ya ce, "Malam, gaya wa ɓarawon nan, ɗan ɓarayi, ya sake mini dabba!"

Baba Babba ya ce, "Ka ce shi ɓarawo ne, iyayensa ma ɓarayi ne, kuma ya sake maka dabba. In kai?"

Mai rago ya dubi kafinta, ya dubi zarton da ke hannunsa. Ya ce, "A'a, ai ban ce iyayensa ba."

"Ka ce ɗan ɓarayi."

"To, cire wannan."

"Ni ba na cirewa. Kai ka sake faɗa."

Haka mutumin nan ya yi ta sake faɗa, yana ragewa da bakinsa, har maganar ta dawo, "Don Allah ya yi haƙuri, ragon ba shi da hankali." Muna yara muna bayan katanga muna dariya har da riƙe ciki. Kafintan nan da kansa ya ɗauko benci ya kawo ranar addu'a, ya tsufa yanzu, da ƙyar yake gani.

Ba kowa ke son wannan hali ba, gaskiya. Akwai masu cewa girman kan boko ne. Akwai masu cewa ba shi da tausayi, musamman a asibiti, don in likita ya ce ciwon ba zai warke ba, haka zai gaya wa mara lafiya. Abin da ba sa faɗa shi ne, bayan ya gaya maka ba ya tashi. Zai riƙe hannunka, ya zauna da kai har ka gama kuka, gobe ya dawo da koko a kwano. Tsohon direban nan da ya yi kuka a rumfa, a hannun Baba Babba matarsa ta ji labarin ciwonta, ta samu ta yi sallama da 'ya'yanta da hankalinta.

Na taɓa tambayarsa, bayan na girma, inda ya samo wannan taurin kai. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon littafi mai jan bango, gara ta ɗan taɓa gefensa. A bakin titi ya saye shi a Yamai yana saurayi. Ya ce mini, "Zo ki gaida abokina alƙali."

Haka yake kiransa, abokina alƙali, kamar jiya suka sha shayi tare. Ya sha gaya mini sunansa, amma sunan ya fi ƙarfin bakina. Wani masanin shari'a ne na ƙasar Faransa da ya rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, lokacin da buga littafi da inji bai daɗe da fitowa ba. Abin da Baba Babba ya gaya mini nake faɗa, ni ban karanta ba. Ya ce a zamanin, ilimin mutanen nan duk cikin Latin yake, harshen Rumawan da, kamar yadda namu yake cikin Larabci. Ɗalibansu sukan bar gari su je wani gari don zama gaban malami ɗaya da ya yi suna, kamar namu. Malamansu sukan aika wa juna saƙo daga ƙasa zuwa ƙasa, su yabi juna a farkon littafi, su yi faɗa kan ma'anar jumla ɗaya har su daina gaisawa. Ƙasar kuma tana cikin rikici, Kiristoci suna yaƙar junansu kan addini. A cikin wannan hali abokinsa yake zaman kotu da rana, in ya tashi ya zauna yana juya rubutun Rumawa zuwa harshen da mutanen garinsa ke magana da shi a kasuwa. Wasu malamai suka ji haushi, suna ganin ya zubar da darajar ilimi.

Ya buɗe littafin ya ɗora mini a cinya. "Dubi nan, ɗiyata. Shafin hagu maganar mai magana ce, yadda ya faɗe ta. Shafin dama fassarar abokina ce. Ya ajiye su fuska da fuska. Kin san abin da hakan ke nufi? Ya ba kowa sandar da zai doke shi in ya yi ƙarya. Ni ba ni da takarda a gaban mai gidan haya. Shi ya sa nake maimaitawa, in ajiye shafin hagu a kunnen kowa kafin in buɗe na dama."

Kan littafin nan suka fi yin gardama da liman. Liman ya ce bai kamata mai furfura, mahaddacin izu da yawa, ya riƙa kiran wanda bai yi sallah ba aboki. Baba Babba ya ce, "Allah gafarta malam, in za ka yi tafsiri da azumi, me ya sa kake zaunar da mai jan baƙi a gefenka? Me ya sa ba ka ba mu Hausar kawai?" Liman ya ce don jama'a su ji asalin, kada malami ya ƙara nasa. Baba Babba ya ce, "To ai kai ma almajirin abokina ne, ba ka sani ba." Liman ya yi mako bai amsa masa sallama da fara'a ba, daga baya ya aiko masa da dabino.

To, yanzu in zo kan maganata.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kishiyar wansa ne a hali. Mai fara'a, mai son kowa ya kwana lafiya. Ya ga mamata tana sayar da doya kusa da rumfarsa, 'yar Asante, ba Musulma ba, ya aure ta ya kawo ta gidanmu. Kaka ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ita Kaka ta rantse bakinta ba zai furta Twi ba. Mama kuma Hausar kasuwa kaɗai take ji, in Kaka ta saki tata ta Nijar da sauri, ko kalma ba ta kamawa. Sai mahaifina ya zama tafintansu, irin na Zongo. Kaka ta ɗanɗani miya ta yatsine fuska ta ce, "Wannan ko kare ba zai sha ba." Shi kuma ya juya ya ce wa Mama, "Inna ta ce sannu da aiki." Mama ta yi gunaguni, ya ce wa Kaka, "Ta ce Allah ya ƙara girma."

Yana ganin zaman lafiya yake ginawa. Amma ai mata suna da ido. Kowace tana ganin fuskar 'yar'uwarta ba ta yi daidai da abin da aka kawo mata ba, sai suka daina yarda da komai. Akwai sallar da Mama ta sayi zane mai kyau da guminta ta ba shi ya kai wa Kaka. Kaka ta karɓa ta ce, "Ɗana ne ya saya, yake son a yaba wa matarsa." Ba ta taɓa ɗaura shi ba.

Ban kai shekara goma ba zazzaɓi ya ɗauke mahaifina cikin 'yan kwanaki. Ni kaɗai ya bari. Bayan addu'ar arba'in Kaka ta yanke hukunci: za a kai ni Nijar wurin goggona in tashi cikin Musulmi, Mama kuma ta koma danginta. Ta ƙulle tufafina a zane da hannunta, ta yi magana da direban motar albasa da zai tashi cikin 'yan kwanaki. Mama ta aika ƙauyensu, kawunta ya zo da dattawa. A wurinsu kawu shi ne uba, wofa suke ce masa, kuma a al'adarsu ɗa na dangin uwa ne. A wurinmu kuwa ɗa na uba ne. Aka ce a zauna a tsakar gida, kuma tun da zaman manya ne, sai da tafinta.

Da safen ranar, Mama ta tare Baba Babba a bakin rijiya. Na ji da kunnena. Ta ce, "Baba, ka taimake ni. In tsohuwa ta faɗi mai zafi, ka rage. In kawuna ya yi fushi ya tashi, shi ke nan, gobe an tafi da ita."

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Ƙanin Kaka ma ya ja shi gefe ya ce, "Ka san bakin uwarka. Ka rufa mata asiri a gaban mutane." Shi ma amsar da ya samu ke nan. A safiyar nan na tsani Baba Babba, tsana ta gaske. Na ce a raina, mutumin nan littafi ya fi so a kan mutane.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka ba baƙi kujeru da ruwa. Ni aka zaunar da ni kusa da Kaka, ƙunshin kayana yana jingine a bangon ɗakinta inda kowa ke gani. Baba Babba ya tsaya a tsakiya. Kawun Mama ya fara, cikin natsuwa, ya ce sun zo ɗaukar 'yarsu da jikarsu. Baba Babba ya maimaita masa, ya kai. Sai Kaka ta gyara zama.

Ta ce, "Ba zan bar jinin ɗana a hannun arniya ba, 'yar gidan da ake zuba wa matattu giya a ƙasa. Ta cinye mini ɗa, ba za ta ci jikata ba."

Duk mai jin Hausa a wurin ya sunkuyar da kai. A wurin Asantawa, ka ce mace ta ci mijinta, ai ka kira ta mayya ke nan, kuma ba maganar da ake yafewa ba ce. Baba Babba ya juya wurin uwarsa, ya rusuna, ya maimaita mata kowace kalma. Da ta fito daga bakinsa a hankali, sai ta fi muni.

Ya ce, "Inna, in kai?"

Na ga Kaka ta ɗan yi jim. Amma ido ya yi mata yawa, kuma ita ba mai janye magana ba ce. Ta ce, "Kai mana. Tsoronsu nake ji?"

Ya kai. Bai rage ko ɗigo ba.

Kai, tsakar gida ta kama da wuta. Dattawan suka miƙe suna magana gaba ɗaya. Kawun Mama ya gyara zanensa a kafaɗa ya ce mata, "Tashi mu tafi. Za mu kai ƙara gaban sarki." Ni kuwa na san kafin a kai ƙara gaban kowa, mota ta tsallaka iyaka da ni. Na fara kuka, Kaka ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

Mama ba ta tashi ba. Ta durƙusa a gaban Baba Babba, kanta a ƙasa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji. Ta daɗe tana yi. Da ta gama, ya ɗaga murya ya maimaita mata cikin Twi, har kawunta da ya kai bakin zaure ya tsaya cak ya juyo. Ni ina jin Twi, don haka na riga Kaka jin abin da ta ce, kuma na ga yadda fuskar kawun ta canza. Baba Babba ya tambaye ta ko ya kai. Ta dubi kawunta, ta dubi ƙasa, ta ce ya kai.

Ya juyo wurin Kaka ya ce, "Inna, ta ce gaskiya kika faɗa, ita ba Musulma ba ce, kuma a gidansu ana zuba wa kakanni giya. Ɗanki ya sani ya aure ta. Ta ce ba ta ci shi ba, da za a karɓi ranta a madadin nasa da ta bayar. Ta ce ba za ta bi kawunta ba, ko da zai cire ta daga dangi. Ta ce ke kin rasa ɗa, ita ta rasa miji, mutum ɗaya kuka rasa. Tun da aka binne shi tana ganin kwanonki yana dawowa da abinci. In kika tura yarinyar nan Nijar, fuskar wa za ki riƙa duba ki ga ɗanki? Ta ce ki bar ta ta zauna a gidan nan ta dafa miki, yarinya ta yi karatun allo, ita da kanta za ta riƙa raka ta. Ta ce ba sai kin so ta ba."

Kaka ta yi tsaki. Ta ce, "Ƙarya ne. Kai ka haɗa wannan. Irin na ƙanenka za ka yi mini?"

Ya ce, "Inna, naki na gyara?"

Kaka ta kau da kai gefe.

Ya ce, "Da akwai wanda zan gyara wa magana a duniyar nan, ai ke ce."

Kaka ta dubi Mama, karon farko da na ga ta dube ta sosai, ba ta gefen ido ba. Ta daɗe tana dubanta. Hannun da ta riƙe ni da shi ya fara saki. Tsawon zamansu ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga surukarta da za ta iya yarda da ita ba, sai ranar, kuma ta yarda ne don ta ga ɗanta ya ƙi rufa mata asiri ita kanta.

Ta ce, "Yarinya ta zauna. Uwarta ma ta zauna." Sannan ta ɗago ta dubi ɗanta da jajayen idanu. "Kai kuma, ka tsaya ka zubar mini da mutunci a gaban baƙi. Kada ka ƙara tsaya mini tafinta har in mutu."

Ya rusuna ya maimaita mata duka biyun. Ya ce, "In kai?"

Ta ce, "Kai na farkon. Na biyun tsakanina da kai ne."

Ya ce, "A gaban mutane kika faɗa, Inna. Duka zan kai."

Ya juya ya gaya wa baƙi cikin Twi cewa yarinya za ta zauna da uwarta, kuma uwarsa ta kore shi daga yi mata tafinta saboda ya kunyata ta. Kawun Mama ya dawo daga bakin zaure, ya tsaya ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa masa hannu biyu. Da la'asar Mama ta kwance ƙunshin kayana ta mayar da su cikin akwati. Washegari motar albasa ta tafi ba ni.

Kaka ta cika alkawarinta. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa sai da "uhm," shi kuma bai fasa durƙusawa a ƙofarta kowace safiya ba. Na tambaye shi daga baya ko abin ya yi masa zafi. Ya ce, "Uwa ta kau da kai daga gare ka, ki ce bai yi zafi ba?" Na ce to ya san haka abin zai ƙare, shi ya sa ya yi? Ya ce, "Ina fa! Ban san komai ba, ɗiyata. Na tsaya ina jin tsoro kamar kowa. Da an tafi da ke, da ban san yadda zan dubi uwarki ba."

Amma ga abin da korar ta jawo. Gida ɗaya, mata biyu, ba tafinta. Dole ta sa suka fara nuni da hannu. Sai Mama ta riƙa jefa Hausarta ta kasuwa, Kaka tana gyara mata da masifa. Sai wata rana muka ji Kaka, wadda ta rantse, ta ce "medaase," godiyar Asantawa, ta murguɗe ta yadda ko mai ita ba zai gane ba. A hankali suka haɗa wani yare nasu, rabi Hausa, rabi Twi, sauran kuma tsaki da ɗaga gira. Da shi suke ciniki, da shi suke gulmar maƙwabta, da shi suke faɗa, don faɗa kam ba su daina ba. Mama ta raka ni makarantar allo har na sauke, tana zaune a waje da tiren doyarta.

Da ciwon ajali ya kama Kaka, na riga na yi aure. Ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya ba ta kunu sai Mama. Wata rana da hantsi na zo dubiya, na tarar da Baba Babba tsaye a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba. A ciki Kaka tana kwance, kanta a cinyar Mama, suna ta magana cikin yaren nan nasu, Kaka tana ƙorafi, Mama tana mayar mata, can sai suka yi dariya tare. Mutumin da ke jin Larabci da Faransanci da Turanci da Twi ya kasa kunne, ya ƙara kasawa, sannan ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ɗiyata, me suke cewa?"

Na ce, "Wallahi ban gane ba, Baba. Nasu ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Hawaye suna bin gemunsa, yana murmushi, ya ja da baya a hankali don kada su ji motsinsa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo. Ka san bai ƙara ba, bai rage ba. Ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da uwarsa da ƙanensa a inda ba a bukatar kowa ya tsaya a tsakani. Amin.